Littafin aikin kandamin lambu: famfon nutso da magangarar ruwa

2 ga Maris

An gama haƙa. Tsawon ramin mita 3.5, faɗinsa mita 2.5, wuri mafi zurfi santimita 90, amma da yake akwai matakala a gefe don tukwanen shuke-shuke, matsakaicin zurfin bai wuce santimita 60 ba. In aka ninka tsawo, faɗi da matsakaicin zurfin a samu lita 5,250. Ramin ba mai kusurwa huɗu ba ne, ya fi kama da ƙwayar wake, don haka mun cire kashi ɗaya cikin biyar, ya rage lita 4,200. Wannan ƙiyasi ne kawai, sai ranar cika za a san gaskiya.

Shimfiɗar da za ta rufe ramin ta riƙe ruwa, roba ce irin ta EPDM mai kaurin milimita 1. Yadda ake auna ta: tsawon rami, a ƙara zurfi sau biyu, a ƙara santimita 60 na baki. Ya ba mu mita 5.9 da mita 4.9. A ƙarƙashinta akwai zanen kariya saboda tsinin dutse da saiwa.

Ba a sayi famfo ba tukuna, kuma da gangan ne. Famfo shi ake saye a ƙarshe, bayan an san tsayin magangara, faɗin bakinta da tsawon tiyo.

6 ga Maris

An cika kandami. Tiyon cikon yana cika bokiti mai lita 20 cikin daƙiƙa 50, wato lita 24 a minti. Ya ɗauki awa 2 da minti 43, ke nan lita 3,900 da 'yan kai. Wannan lambar za mu riƙe daga yau, domin duk maganin da za a zuba nan gaba da ita za a auna. Faɗin fuskar ruwan kusan murabba'in mita 7 ne, saboda haka duk santimita ɗaya da ruwa ya sauka, lita 70 ce ta tafi.

9 ga Maris

Yau lissafi kawai aka yi, ba a taɓa shebur ba.

Abu biyu ke faɗa wa mutum yawan ruwan da yake buƙata. Na farko, juya ruwan kandami ta cikin matata: in akwai kifi, a so duk ruwan ya zaga sau ɗaya cikin awa ɗaya zuwa biyu. A wurinmu lita 2,000 zuwa 3,900 ke nan a awa. Na biyu, magangarar kanta. Abin da masu wannan aiki suka saba bi shi ne wajen lita 150 a awa ga kowane santimita na faɗin bakin, in ana son ruwa ya rufe dutsen kamar labule. Ƙasa da haka sai ya rarrabu ya koma tsiyaya. Ninki biyun haka kuma ruwa ne mai ruri da fari. Bakin namu santimita 30 ne, don haka lita 4,500 a awa. Magangara ta fi matata ci, da ita za a yi aiki.

An so a faɗaɗa bakin zuwa santimita 60. Mun ƙi. Zai nemi lita 9,000 a awa, a kandamin da bai kai 4,000 ba, kifi zai yini yana kokawa da igiyar ruwa kuma shuke-shuke masu son kwanciyar ruwa ba za su yi ba.

Sai tsayi. A nan aka fi yin kuskure. Ba daga gindin kandami inda famfo yake zaune ake aunawa ba, daga fuskar ruwa ne zuwa wuri mafi tsayi da ruwan zai hau. Zurfin da famfo yake ciki ba ya shiga lissafi, don ruwan da ke samansa yana taya shi turawa daidai gwargwadon wannan zurfin. Namu mita 1.2 ne zuwa fuskar ruwan akwatin da ke saman magangara.

Bayan wannan akwai tsayin da ido ba ya gani, wato gogayyar ruwa da bangon tiyo. Tiyonmu mita 6 ne. In aka tura lita 4,500 a awa ta cikin mai santsin ciki:

- mai faɗin milimita 25: ruwa na gudun mita 2.5 a daƙiƙa, asarar ta kai kamar ƙarin tsayin mita 1.6
- mai milimita 32: kusan rabin mita
- mai milimita 40: gudun mita 1 a daƙiƙa, asarar ba ta kai santimita 20 ba

Tsakanin 25 da 40 ido ba ya ganin wani babban bambanci, amma asarar kusan ninki goma ce. Siririn tiyo shi kaɗai zai mayar da magangara mai mita 1.2 ta zama kamar mai mita 2.8 a wurin famfo. An zaɓi milimita 40. Da yake irin mai zobba ne a jiki, wanda ba ya lanƙwashewa ya toshe amma cikinsa bai kai bututu santsi ba, mun ba shi santimita 30, muka ƙara 10 na bawul da gwiwa ɗaya. Jimla mita 1.6.

Abin da ake nema ke nan: famfon da zai ba da lita 4,500 a awa a tsayin mita 1.6.

13 ga Maris

Lambar da ke jikin kwali da manyan baƙaƙe ita ce abin da famfo ke fitarwa in ba ya ɗaga ruwa ko kaɗan, ba tiyo, ba tsayi. Ɗaya lambar, ta iyakar tsayi, ita ce inda ruwa ke tsayawa cak ba ya fita. Ba a taɓa samun su biyun tare. Abin dubawa shi ne zanen layin nan da ke bayan kwali ko cikin takardar inji, mai nuna yadda ruwa ke raguwa yayin da tsayi ke ƙaruwa. A ɗora yatsa a kan mita 1.6, a bi zuwa layin, a karanta.

Biyu muka gwada a takarda. Mai lita 6,000 da iyakar tsayi mita 3 ya faɗo zuwa wajen 3,000 a tsayinmu, rabi ke nan. Mai lita 8,000 da iyakar mita 4.5 ya ba da kusan 5,200. Shi aka ɗauka. Ɗan rarar da ke kai za a buƙace shi, don matata da tiyo suna datti kuma ruwa na raguwa da kansa. Famfon da ba shi da wannan zane, a bar shi a inda aka gan shi.

Game da iri. Akwai ƙananan famfunan feshi masu soso ko ƙananan ramuka a baki. Don ruwa mai tsabta aka yi su, a kandamin kifi kwana biyu sun toshe. Akwai na kwashe ruwan da ya malale gida, masu ƙarfi, amma ba don aikin dare da rana aka ƙera su ba, suna cin wuta, wasunsu kuma da mai a cikin injin, ranar da ya yoyo kifi ne zai sha. Sumo na rijiyar burtsatse shi ma ba nan ne wurinsa ba: aikinsa ɗaga ruwa kaɗan zuwa tsayi mai yawa, mu kuma ruwa mai yawa muke so a tsayi kaɗan. Namu irin mai keji ne wanda ke wuce da datti har girman milimita 8 zuwa matata, farfelarsa na haɗe da maganaɗisu a kan sandar tangaran, ba mai a ciki.

Yana cin wat 70. A wata, ba tsayawa, kilowat-awa 50 ke nan. Na kwashe ruwa mai wat 400 zai ci 288. Injin da ba a kashewa, wat ɗinsa ya fi kuɗin sayensa muhimmanci.

16 ga Maris

Wuta. An kira mai aikin lantarki, don wannan ba wurin gwaji ba ne. Layin kandami yana kan na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta ji yoyo, RCD mai milliamp 30. Soket mai murfi ne na waje, an kafa shi nesa da baki kuma sama da inda fantsama ke kaiwa. Wayar da ta bi ƙasa tana cikin bututun kariya. Famfon yana da alamar IP68, wato an yi shi don zama cikin ruwa, da wayarsa ta roba mita 10. Ba a yanke ta ba, ba a yi mata haɗi ba, rarar an naɗe ta a bayan dutse don a iya fito da injin har bakin kandami.

Ƙa'ida biyu daga yau. Hannu ba ya shiga ruwa sai an cire fulogi. Kuma ba a ɗaga famfo da wayarsa: inda waya ta shiga jikin inji nan ne ruwa ke fara shiga in aka ja. An ɗaura masa igiyar nailan a marikinsa, ƙarshenta na ƙarƙashin wani dutse a baki. Maɓallin gwaji na RCD za a riƙa dannawa duk wata.

21 ga Maris

An nutsa famfo a ƙarshen da ya fi nisa da magangara, don ruwa ya ratsa kandamin duka kafin ya dawo. In an ajiye shi a gindin magangara, ruwa ɗaya zai yi ta juyawa, sauran ya kwanta ya ruɓe. Yana zaune a kan bulo biyu, santimita 15 daga ƙasa, da ƙyallen roba a ƙarƙashin bulon. Dalili biyu ne: kada ya riƙa zuƙar laka, kuma in tiyo ya fashe da dare ya kwashe ruwa waje, a bar wa kifi abin da zai rayu a ciki.

Gwajin farko bai yi daɗi ba. Ruwa ya zo a raunane. An tara bokiti a bakin tiyo daga sama: lita 20 cikin daƙiƙa 22. A raba 72,000 (lita 20 sau daƙiƙa 3,600 na awa) da yawan daƙiƙun, lita 3,270 a awa. Takarda ta ce 5,200.

Laifin ba na inji ba ne. Mahaɗin da ke zuwa da famfo mai hawa-hawa ne, milimita 20, 25, 32, 40, don ya shiga kowane tiyo. An zura tiyo mai 40 a kansa har hawa na ƙarshe, ya zauna daram, aka ɗaure. Amma ƙananan hawan suna nan a ciki, duk ruwan yana matsewa ta hudar da ba ta kai milimita 20 ba. An fito da shi, aka sa zarto aka yanke hawa ukun, aka kankare bakin da wuƙa. An kuma gano wani lanƙwasa mai tsini inda tiyo ya hau gefe, aka sassauta shi ya zama baka mai faɗi. Bokiti ya cika cikin daƙiƙa 15: lita 4,800. An rubuta wannan lamba a cikin murfin soket, da ita za a riƙa gane lafiyar injin.

Maɗaurin tiyo na ƙarfen da ba ya tsatsa ne. Bawul yana sama, bayan famfo. In za a rage ruwa a nan ake ragewa. Ba a taɓa matse wa famfo ta bakin da yake sha, don farfela za ta riƙa kaɗa kumfa, ta yi ƙara, ta ci kanta.

27 ga Maris

Ruwa ya isa, amma magangara ba ta yi kyau ba. Kashi biyu cikin uku na zuba ta hagu, sauran yana bin ƙarƙashin duwatsu ba a ganinsa.

An ɗaga dutsen baki, aka daidaita shi da ma'aunin magina. Milimita 6 kacal ya karkata, kuma ya isa ya kwashe ruwan gefe guda. Kaurin ruwan da ke bi ta kan baki bai fi santimita ɗaya ba, shi ya sa. An turo dutsen gaba ya yi rumfa ta santimita 4, aka yanka siririn kwari a ƙasansa kusa da baki, don ruwa na son manne wa dutse ya koma baya, kwarin ne ke tsinke shi ya faɗo. Ramukan da ke tsakanin duwatsu an cike su da baƙin kumfan nan mai kumbura na kandami, aka yayyafa tsakuwa a kai tun bai bushe ba. Kumfan ba ya hana yoyo, wannan aikin roba ne. Shi dai yana tilasta wa ruwa ya bi sama.

Robar magangara ta sauko ta rufe ta kandami da santimita 30, na sama a kan na ƙasa kamar jerin kwanon rufi.

3 ga Afrilu

Ruwa na raguwa santimita 3 a kwana, lita 210. An ajiye bokitin ruwa a matakalar kandami, aka yi wa shi da kandamin alama. Bayan awa 24 bokiti ya sauka rabin santimita, wannan rana da iska ne suka sha. Sai aka kashe famfo kwana guda, tunda ba kifi tukuna: kandami ma rabin santimita. Ke nan robar kandami lafiya take, ɓarnar tana tsakanin tiyo da magangara.

An bi gefen da hannu ana neman danshi. Wuri biyu ne. Wani dutse ya danne bakin roba ƙasa da layin ruwa, ruwa na tsallakewa a hankali ba ƙara. A ɗaya wurin kuma zanen kariya ya leƙo ya taɓa ruwa, yana tsotsa kamar lagwani yana kai wa ƙasa. An ɗaga bakin robar santimita 8 sama da ruwa aka tokare da ƙasa, aka datse zanen. Yanzu asarar ba ta kai santimita ɗaya ba, kuma da fantsama a ciki.

8 ga Afrilu

An shirya akwatin sama ya zama matata: soso mai manyan ramuka a ƙasa, mai ƙanana a kai, sai buhunan raga cike da ƙwallayen da bakteriya ke kamawa. Tiyo na shiga ta gindi. Da aka kashe famfo, duk lita 80 na akwatin ta koma ta tiyo da dattinta. An sa bawul mai hana komawa, irin mai marfi da ke lilo; mai sifirin yana buƙatar ƙarfi kafin ya buɗe, zai ci mana tsayi. Bokiti yanzu daƙiƙa 16, lita 4,500. Daidai abin da aka nema, rarar ta tafi inda aka tanade ta.

Ruwan ƙari in na famfon gari ne sai an sa masa maganin kashe kulorin. Barin sa ya kwana na korar kulorin, amma ba ya korar kuloramin, haɗin kulorin da amoniya da ake sa wa ruwan wasu garuruwa.

19 ga Afrilu

Kifi shida ƙanana suka shiga. Matata na ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin bakteriyarta su kafu su riƙa juya amoniyar da kifi ke fitarwa zuwa naitirait, sannan naitiret mai ƙarancin guba, don haka abinci kaɗan, gwajin ruwa duk kwana biyu.

An kawo shawarar kashe famfo da dare don rage wuta. Ba za a yi ba. Da dare shuke-shuke da gansakuka suna shan oksijin maimakon bayarwa, kuma kafin asuba ne ya fi ƙaranci. Ruwa mai ɗumi ma ba ya riƙe shi sosai: wajen miligiram 9 a lita a digiri 20, ya sauko 7.5 a digiri 30. Bakteriyar matata kuma in ruwa ya tsaya musu sa'o'i sai su fara mutuwa. In ƙara ce ta dami mutane, a ɗan rage bawul.

4 ga Mayu

Labulen ruwa ya fara tsagewa a tsakiya. Bokiti: daƙiƙa 24, lita 3,000. An cire fulogi, aka jawo da igiya. Kejin ya lulluɓe da gansakuka mai zare da ganye, an wanke da burushi. An murɗe murfin gaba aka zaro farfela. Maganaɗisu na riƙe ta, sai an ja a miƙe, don sandar tangaran ba ta lanƙwasa, karyewa take. Zare ya naɗe wuyanta, ga ƙaramin dodon koɗi maƙale tsakanin fikafikai. An wanke ramin da take zama da tsohon burushin haƙori, aka duba zoben roba, aka mayar. Soson matata an matse shi cikin bokitin ruwan kandami, ba ruwan famfon gari ba, don kada kulorin ya kashe bakteriya. Daƙiƙa 16.

Keji duk mako biyu, farfela duk wata biyu, ko duk ranar da bokiti ya wuce daƙiƙa 20.

17 ga Mayu

Wuta ta ɗauke minti kaɗan, da ta dawo inji na gurnani, farfela ba ta juya ba. An kashe nan take, don injin da ke samun wuta bai juya ba zafi yake yi. Farin ɓawo ne na ruwa mai gauri, wato mai yawan ma'adanai, ya taru a jikin maganaɗisu, ya rage tazarar da ke tsakaninsa da ramin. Yana cikin gudu ba ya damuwa, tashi daga tsaye ne ya gagara. An jiƙa shi awa biyu a ruwan ɗumi da garin sitirik (sinadarin tsamin lemon tsami), cokali biyu a lita, ɓawon ya saki, aka ɗauraye sosai. Ba a kankare da ƙarfe ba. An gwada shi cikin baho cike da ruwa, ba a busasshe ba, tunda ruwan ne ke sanyaya shi kuma ke sa sandar santsi.

Ƙananan hulunan roba biyu da ke riƙe sandar sun fara sakwarkwacewa, su ne ke kawo 'yar ƙarar da ake ji in an kasa kunne. An yi odar farfela ta ajiya da hulunanta.

Ruwa ya ɗan yi kore. Ana duba fitilar UV, amma kowace tana da iyakar gudun ruwan da take iya kashe gansakuka a cikinsa, kuma mai ƙaramin baki za ta mayar da mu matsalar 21 ga Maris. In an sa, za a ba ta reshe ne da nata bawul, ba duk lita 4,500 za ta bi ta ciki ba. Mako mai zuwa za a auna wurin da reshen zai fita.